Kana son ka yi mastar kan tsufa? To fara daga nan

Wani ƙanena da ya gama lisansi a sosiyoloji nan jami'ar Abdou Moumouni ya tare ni wai yana son karatun jerontoloji, wato ilimin tsufa, amma an ce masa sai likitoci ke yi. Ba haka ba ne. Wanda sai likita shi ne jeriyatri, wato maganin cututtukan tsofaffi, sai ka gama medsin tukuna. Jerontoloji kuwa ta haɗa jiki da ƙwaƙwalwa da zaman iyali har da kuɗin ritaya, masanin kimiyya Metchnikoff ne ya raɗa mata suna tun 1903, kuma ɗan sosiyoloji, infirmiye, ɗan biyoloji, duk suna da ƙofa.

To ka fara sanin ƙofarka. In labo ke ranka, binciken abin da ke sa ƙwayoyin jiki su daina rabuwa da yadda telomer, wato ƙarshen kromozom, ke gajarcewa, sai kana da biyoloji ko biyoshimi mai ƙarfi, kuma ka sa a ranka waje za ka. In rayuwar mutane ce, kana iya farawa nan gida, mastar a sosiyoloji ko lafiyar al'umma, ka ɗora memuwar ɗinka kan tsofaffi, ka riƙa leƙa LASDEL, cibiyar binciken zaman al'umma da ke Yamai, kana karanta ayyukansu. A waje, jami'ar Sherbrooke a Kanada na da mastar da doktora na jerontoloji da Faransanci, jami'ar USC a Amurka na da makaranta guda ta wannan fanni tun 1975 amma sai da Turanci da TOEFL ko IELTS, sannan akwai INIA, cibiyar nazarin tsufa a Malta, mai gajerun horo don ƙasashe masu tasowa.

Amma wallahi abin da ke ɗaga dosiye shi ne tambayar da ka zo da ita. Nijar ƙasar yara ce, wajen rabinmu ba su wuce 15 ba, shi ya sa ido bai kan tsofaffi, manyan anket na EDSN kan jama'a da lafiya ma mata ƴan 15 zuwa 49 da maza 15 zuwa 59 suke yi wa tambayoyi. Kakarka ba ta ciki kenan. Ga giɓi nan, shiga! Wa ke ɗawainiyar tsohuwa in ƴaƴan duk sun tafi bida Libiya ko Abijan? Manomin da bai da CNSS bai da CARENI, wato asusun ritaya, da me yake sayen maganin tansiyo? Tsohuwar da mantuwa ta kama ake ce mata mayya fa? Ɗauki ɗaya tak, unguwa ɗaya ko ƙauye ɗaya, kar ka ce za ka yi Afirka duka.

Kuma ka shirya, shekaru kansu aiki ne. Kakata takardarta "né vers" ce, wato shekarar haihuwa ta kintace, in ka tambaye ta sai ta ce tana goyon babana lokacin da Kountché ya hau mulki, wato 1974, daga nan kake lissafi. Rubuta wannan dabarar cikin tsarin bincikenka.

Sauran takardu ne, releve da diplom a yi musu legalize da wuri, wasiƙun malamai biyu, ka bi sanarwar burs ta ANAB, hukumar ba da burs. Malamin da kake son ya riƙe ka kuwa, ka karanta aikinsa ko guda kafin ka tura masa imel, shafi ɗaya na tambayarka ya isa, in sati biyu shiru ka sake tuntuɓa.