Mota Ta Ƙi Tashi Idan Ta Ɗau Zafi: Kurakuran Da Masu Mota Da Makanikai Suka Fi Yi

Da safe kik ɗaya take tashi. Ka taso daga Zariya lafiya lau, ka tsaya a Kawo shan mai ko ka ratse a Mando ka yi La'asar, ka dawo bayan minti 10 ka murɗa makulli, ta ce ba ta san zancen ba. Ka samu inuwa ka zauna rabin awa ko awa guda, ka sake gwadawa, ta tashi kamar ba ita ba. Wannan matsala ta fi addabar mutane a watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke ƙwallewa a Kaduna kafin damina ta sauka, kuma tana cin kuɗi fiye da kima, domin yawanci canjin kaya ake ta yi ba tare da an gano wanda ya lalace ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ƙarƙashin bonet ya fi zafi bayan an kashe mota. Tana tafiya ruwa na zagayawa, fanka na juyawa, iska na shigowa ta gaba. Kana kashewa duk wannan ya tsaya, amma ƙarfen injin da wuyan salansa suna nan da zafinsu, sai ya taru ya dafa duk abin da ke kusa na tsawon minti 10 zuwa 20. Waya mai rauni, sensa da ta fara gajiya, kik da ya kwana biyu, duk a wannan ɗan lokacin suke nuna halinsu. Suna hucewa su koma aiki.

Daga nan babban kuskuren yake fitowa, wato kai mota gareji da sassafe tana sanyi. Makanike zai buga kik ta tashi, ya kashe ya sake bugawa ta tashi, ya dube ka ya ce, "Oga, ai motar nan lafiyarta ƙalau." Idan ka matsa masa, don kada ka tafi hannu rabbana sai ya ce a canja filogi, a wanke nozul da ke fesa mai cikin injin. Ka biya ka tafi, da Azahar ta sake tsayar da kai a Tudun Wada. Ba lallai ne ya cuce ka da gangan ba, ciwon ne ba ya nan a lokacin da ya duba. Gyaran wannan kuskure ba ya cin ko sisi: ka zaga da motar har ta ɗau zafi sosai, ka bi baifas ka dawo, ka shiga garejin ka kashe ta a gabansa, ku jira minti 10, sannan ka ce, "Malam, bismillah, tayar da ita." Duk awon da za a yi, a yi shi a wannan lokacin da ta ƙi tashi. Makaniken da ya ce ba shi da lokacin jira, ka nemi wani.

Kafin ma ka kai ga gareji akwai aikin da kunnenka zai yi maka, kuma yawancin masu mota ba sa yi. Su dai "ta ƙi tashi" kawai suke cewa, alhali ƙin tashin iri biyu ne, kuma ba su haɗa hanya ba. Ko dai kik ɗin yana jan injin da ƙyar, yana nishi, ko ka ji ƙas ƙas kawai ba juyi. Ko kuma injin yana juyawa da ƙarfinsa yadda ya saba, amma ya ƙi kamawa. Na farko aikin mai wayarin ne, batir da waya da kik. Na biyu mai ne ko wuta ba sa isa cikin silinda. Wanda ya iya faɗa wa makanike wanne ne daga ciki ya rage masa rabin aiki.

Idan jan da ƙyar ne, abin da kowa ke fara yi shi ne sayen sabon batir. Sau da yawa batirin ba shi da laifi. Batirin da ya mutu ai da safe ya fi nuna kansa, bayan ya kwana ba caji, ba bayan ya sha caji daga Zariya zuwa Kaduna ba. A sa mita a gani: cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6 idan mota na kashe, kada ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin buga kik, kuma idan injin na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 zuwa 14.5, alamar caji na shiga. Idan waɗannan sun yi daidai, a bar batir ya huta a bi waya. Jan ƙarfe yana ƙara tauye wuta idan ya yi zafi, don haka kan batir da ya yi farin gari, ko wayar nagatif da ta saki a jikin bodi ko injin, suna iya wuce da wuta da safe su kasa da rana. Na sha ganin kan batir da aka cusa wa ƙusa ko guntun gwangwani don ya kama, mai motar kuma yana ta zagin kamfanin batir. A kwance, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau. Akwai gwaji mai sauƙi: a ɗauki wayar jan wuta a haɗa daga nagatif na batir kai tsaye zuwa jikin injin. Idan ta tashi nan take, wayar nagatif ce.

Idan waya lafiya, saura kik ɗin kansa. A motoci da yawa yana zaune kusa da salansa, kuma akwai wani ɗan faranti da kamfani ke sa wa don kare shi daga zafi, wanda yaran gareji kan manta su mayar bayan an sauke giyabos. Burushin ciki da bushin idan sun cinye, zafi na ƙara musu nauyi. A nan ne ake ɗauko sifana a ƙwanƙwasa shi. Yakan tashi, ba ƙarya, amma kik na motocin yanzu maganaɗisu ne a manne a cikinsa, duka mai ƙarfi na fasa shi, gyaran burushi na kuɗi kaɗan ya koma sayen kik sukutum. Turi ma haka. Mai giyar hannu za ta tashi da turi, sai mutum ya mayar da shi al'ada, kullum yana neman gangara wajen fakin. Mai otomatik kuwa ko 'yan unguwa duka suka taru ba ta tashi da turi.

Ɓangare na biyu ya fi rikitarwa, a nan kuma aka fi ɓarna. Injin na juyawa, direba na danne da makulli har batir ya mutu, ƙafa kuma na ta famfa totur. Kada kik ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, a ba shi hutun minti guda kafin a sake. Famfa totur kuwa gadon zamanin Peugeot 504 ne, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kakuri, masu kafireto. A motar nozul kwamfuta ce ke auna mai, famfawa ba ta ƙara komai. Abin da ke da amfani shi ne idan kana jin warin fetur, alamar mai ya yi yawa a ciki: ka take totur har ƙasa ka riƙe, sannan ka buga kik. Motoci da yawa suna yanke mai idan aka yi haka. Idan ta tashi da baƙin hayaƙi, a duba nozul da ke ɗiga bayan an kashe mota, ko sensar zafin ruwa da ke gaya wa kwamfuta injin na sanyi alhali yana tafasa, ita kuma tana ta zuba mai.

Idan ba warin mai, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka buga kik, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Ya kamata ka ji famfon mai ya yi ɗan ƙugi na daƙiƙa 2 ko 3. Shiru na nufin famfon, ko fiyus, ko rile, wato makunnin da ke ba famfon wuta. Masu tsofaffin Honda na shekarun 1990, irin su Hala da Buldog, sun san wannan: akwai rile a ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba wanda darmarsa ke tsagewa, idan cikin mota ya yi zafi sai ya daina ba famfo wuta. An sha canja famfo biyu a irin wannan mota kafin wani ya tuna da shi, alhali mai gyaran rediyo ma zai iya sake masa darma. Shi kuwa famfon, a cikin tanki yake, fetur ɗin da ya nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suka koma sayen lita 5, lita 7, allura kullum tana kan ja. Ba na ganin laifin kowa, aljihu ne. Amma famfon da ke aiki a tanki kusan busasshe yana zafi yana gajiya da wuri, balle an haɗa masa da man 'yan bumburutu mai datti. Wanda zai iya, kada ya bari ta sauka ƙasa da kwata.

Famfo na ƙugi, mai na zuwa, amma ba ta kama ba, to wuta ce. Ka dubi allurar da ke nuna juyin injin lokacin da kake buga kik. A motoci da yawa takan ɗan motsa. Idan ta kwanta ko gezau, a fara zargin sensar karanshaf, mai gaya wa kwamfuta injin na juyawa, wadda ita ce kan gaba wajen wannan ciwo: siririyar wayar cikinta na rabuwa da zafi, ta haɗe idan ta huce, kwamfuta kuma ba ta sakin wuta sai ta ji daga gare ta. Idan aka sa na'ura yawanci lambar P0335 take fitowa. Kwayil, mai ba filogi wuta, shi ma na yin haka, musamman wanda jikinsa ya tsattsage, kamar yadda masu Golf 3 na haya suka sani. Wani mai wayarin da ya san aikinsa yakan jiƙa tsumma ya ɗora a kan sensar ita kaɗai na ɗan lokaci. Idan mota ta tashi, an kama ɓarawo.

Wannan daban yake da abin da ake gani a bakin titi, inda ake sayo ledojin fiya wata a yi ta fasawa a kan injin gaba ɗaya. Ruwan sanyi a kan tof silinda mai zafi na iya lanƙwasa shi ko tsaga shi, ga kuma ruwa a soket da ramin filogi. A buɗe bonet kawai a bar iska ta yi aikinta. Murfin lagireto kuwa kada a taɓa shi sai injin ya huce. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa na iya haura digiri 100 bai tafasa ba, ana sassauta murfin yake feshowa a fuska da hannu.

Sai maganar da na san wasu makanikai ba za su so ba. Da an ce zafi, sai a ce a cire tamostat, mai daidaita zafin injin, wai na ƙasar Turawa ne, a kuma haɗa fanka dairek da makulli. Injin an ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 90, a Jamus ne ko a Rigasa. Cire tamostat ba ya gyara sensa, ba ya gyara kik. Abin da yake jawowa shi ne injin ya daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta yi ta ƙara mai, filogi su yi baƙi, shan mai ya ƙaru. Haɗa fanka da makulli kuma yana kashe wata dabara da ke cikin motoci irin su Peugeot 406, inda fanka ke ci gaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an kashe mota don ta kwashe wannan zafin da ke taruwa. Idan mota na obahitin da gaske, wato zafinta na wuce kima, a wanke lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa, a zuba ruwan lagireto na gaskiya maimakon na rijiya da ke cika shi da tsatsa. Idan kuma ruwa na raguwa kullum ba a ga inda yake zuba ba, ga farin hayaƙi a salansa, ko baƙin mai ya koma ruwan madara, to gasket ne, a ajiye motar kada a ƙara buga mata kik.

Birenbos, wato kwamfutar motar, shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga, amma shi ake fara ambata idan aiki ya gagara, kuma shi ya fi tsada. Kada ka yarda a canja shi sai an nuna maka cewa wuta da nagatif suna isa gare shi kuma sensoshi na aiki. Idan an tabbatar sensa ce ko kwayil, ka cire tsohuwar ka tafi da ita Panteka a gwada lamba da soket, domin ƙirar mota ɗaya na iya zuwa da injin iri biyu. Kayan Beljiyam na iya fin sabo na jabu ƙarko, amma shi ma ya riga ya sha nasa zafin a wata ƙasa, don haka ku yi ƙa'ida da mai shago cewa za ka dawo da shi idan bai yi ba. Bayan an ɗaura, kada ka biya kuɗin aiki don ta tashi a sanyi. A zaga da ita ta ɗau zafi, a kashe, a jira minti 15, a tayar sau biyu ko uku a gabanka.