Darasi na Tara: Karanta Kafin Ka Danna Y

Linux tsarin aiki ne na kwamfuta wanda kowa ke da damar duba yadda aka rubuta shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Linus Torvalds ne ya fara shi a 1991. Daga nan ya yi rassa da yawa, kamar Debian da aka kafa a 1993 da Ubuntu da ya fito a 2004. Umarnin da ke cikin wannan darasi na waɗannan biyun ne da danginsu, irin su Linux Mint.

Manhajojin Linux suna zuwa ne a ƙunshi-ƙunshi daga ma'ajiya a intanet, kuma kowane ƙunshi yana jingine da wasu. Ka taɓa ɗaya, wasu goma su motsa. Shi ya sa sabuntawa ke son natsuwa.

Kafin komai, ka kwafi muhimman takardunka da hotuna zuwa filas ko wani faifan daban. Ka jona kwamfutar da caji. Idan kana da manhajar Timeshift, ka sa ta adana yadda tsarin yake a yau, domin ka samu wurin komawa in abu ya ɓaci. Idan kuwa gobe kana da aikin da za ka miƙa, bar sabuntawar sai ka gama.

Buɗe tagar umarni, wato Terminal, ka rubuta wannan umarni na apt, manhajar da ke girka ƙunshi da sabunta su:

sudo apt update

Kwamfutar za ta nemi kalmar sirrinka. Kana bugawa ba za ka ga haruffan ba. Haka aka yi ta, ba matsala ba ce. Wannan umarnin bai girka komai ba, labarin abin da ya fito sabo kawai ya ɗebo. Don ganin sunayensu, rubuta apt list --upgradable. Sannan ka rubuta sudo apt upgrade.

A nan ne mutane da yawa ke yin garaje. Rubutu zai zubo, a ƙarshe kwamfutar ta tsaya tana jira: Y don ci gaba, n don fasawa. Kada yatsa ya riga ido. Ka nemi layin da ke faɗin ƙunshi nawa za a sabunta, nawa za a girka, nawa za a cire. Shi apt upgrade ba ya cire abin da ke kan kwamfutarka, amma ɗan'uwansa apt full-upgrade yana cirewa. Idan ka ga REMOVED ko REMOVING, ga dogon jerin sunaye a ƙasa, har da manhajar da kake aiki da ita kullum, danna n ka tambayi wanda ya sani. Fasawa ba ta ɓata komai.

Da zarar ka danna Y, kada ka rufe tagar, kada ka kashe kwamfutar. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, bayan ka kunna ka rubuta sudo dpkg --configure -a domin a ƙarasa abin da ya rage.

Taka-tsantsan ba ya nufin ƙin sabuntawa. Gyaran tsaro ba a jinkirta shi. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke ɓoye bayanai a intanet, ɓarakar da ke iya fallasa kalmomin sirri, kuma wanda bai karɓi gyaran ba ya ci gaba da zama a buɗe. Abin da ake ja wa birki shi ne rige-rigen karɓar sabon abu. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a xz, manhajar matse fayiloli, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Ta shiga rassan gwaji na Debian, amma ba ta kai ga reshen stable ba, wato wanda aka gama gwadawa. Su kansu masu Ubuntu ba sa gaggawa: fitowar LTS, wato mai kulawa ta dogon lokaci, tana zuwa duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, tana samun kulawa shekara biyar, kuma ba sa tayin ƙaura gare ta sai gyaran farko ya fito. 24.04 ta fito a Afrilu 2024, 24.04.1 kuwa sai a Agusta. Mai koyo ya tsaya kan LTS ko stable, ya kuma rage ɗebo manhaja daga ma'ajiyar da bai san masu ita ba.

Idan bayan sabuntawa allo ya ƙi tashi daidai ko intanet ta ɓace, sau da yawa sabuwar kanel ce, wato zuciyar tsarin. Tsohuwar tana nan. Sake kunna kwamfutar kana riƙe da Shift ko kana danna Esc, shiga Advanced options, ka zaɓi ta baya. Duk abin da apt ya canza yana rubuce a /var/log/apt/history.log tare da ranarsa.

Akwai kuma sudo apt-mark hold da sunan ƙunshi, wanda ke hana a sabunta shi. Ka rubuta sunan a littafinka, domin ƙunshin da aka riƙe ba ya samun gyaran tsaro, kuma mutum yakan manta. Ana sakin sa da apt-mark unhold.

Aiki: Yi apt update da apt list --upgradable. Kwafi sunaye uku daga jerin a littafinka, ka nemi bayanin kowanne da apt show, ka zo ka gaya wa abokan karatu aikin da yake yi.