Yadda jami'a za ta tsare lafiyar ɗalibai a lokacin annoba

Da aka buɗe jami'o'in Najeriya a Janairun 2021, bayan kusan wata goma a rufe saboda korona da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, abin da aka fi gani a bakin get ne: na'urar auna zafin jiki, bokitin wanke hannu, da mai gadi yana mayar da wanda bai sa takunkumi ba. Amma cutar numfashi ba a get take cin kasuwarta ba. Tana can a ɗakin kwanan da aka gina don mutum huɗu, mutum takwas na kwana ciki, da zauren laccar da ya cika maƙil. Can ya kamata shiri ya fi nauyi.

A fara da kwamiti ƙarami mai ikon yanke hukunci: shugaban asibitin makaranta, shugaban harkokin ɗalibai, magatakarda, na sashen ayyuka, da wakilin ɗalibai. Tun kafin a samu mara lafiya ko ɗaya, su rubuta abin da zai sa a rufe aji, ko bene guda na ɗakunan kwana, ko makarantar baki ɗaya. Su ajiye lambar jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC.

Sai ɗakunan kwana, inda aikin yake. A ƙirga masu kwana da daddare, kada a dogara da rajista, domin kusan kowane ɗaki akwai 'yan maƙale da ba sa cikin takarda. A raba gadaje da tazarar aƙalla mita ɗaya, a juya su yadda kan wannan zai kasance wajen ƙafar wancan. A gyara tagogin da suka ƙi buɗuwa, a sa musu raga, in ba haka ba sauro zai sa a rufe su. Hunturu shi ne babbar matsala: sanyi da ƙura kan sa ɗalibai su toshe kowace kafa har da tsumma a ƙasan ƙofa, numfashin mutum takwas ya kwana yana zagaye a ɗaki ɗaya. A umarce su su bar taga biyu masu fuskantar juna a buɗe ko da faɗin tafin hannu ne. Fanka a ɗakin da ke rufe ba ta sabunta iska, juya ta kawai take yi.

Haka a aji. A raba manyan darussa gida biyu, a bar minti goma zuwa sha biyar tsakanin lacca da lacca, ƙofa da taga a wangale.

A ware ginin killacewa mai banɗakinsa daban, a kuma raba shi biyu: waɗanda gwaji ya tabbatar, da waɗanda ake jiran sakamakonsu. Haɗa su wuri ɗaya kan sa mai zazzaɓin cizon sauro ya fito da korona. Saboda haka duk mai zafin jiki 38 ko sama a yi masa gwajin maleriya ma. A tanadi abinci sau uku da ruwa da wurin cajin waya, domin ɗalibin da aka bari da yunwa zai fita neman abinci a kantin makaranta. A riƙa auna iskar jininsa safe da yamma da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. In ta sauka ƙasa da kashi 94 a kira likita, ƙasa da 90 kuwa sai babban asibiti nan take. A lokacin korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wanda ya zauna minti 15 a cikin mita ɗaya da mara lafiya a matsayin wanda ya yi cuɗanya, ana killace shi kwana 14. Gano waɗanda suka yi cuɗanya yana sauƙi idan kowa yana da kujerarsa a aji kuma ana ɗaukar sunaye.

Wajen tsafta, an fi yin kuskure a haɗin bilic. Na kwalba mai ƙarfin kashi 3.5, murfi ɗaya a murfi 34 na ruwa ya isa goge mariƙin ƙofa da tebur da famfo. Wurin jini ko amai, ɗaya a shida. A wanke wurin da sabulu tukuna, domin datti yana kashe ƙarfinsa, kuma a haɗa sabo kullum. Kada a gauraya shi da wani sinadarin wanke banɗaki, hayaƙinsa guba ne. Feshin tituna da fesa wa mutane magani a get ɓarnar kuɗi ne. Gara a sa kuɗin a tankar ruwa, domin bokitin wanke hannu marar ruwa kayan ado ne kawai.

Wani abu da ake mantawa: ɗalibi zai sha farasitamol ya ɓoye zazzaɓi muddin yana tsoron rasa jarrabawa. Ya kamata majalisar jami'a ta sanar a rubuce cewa duk wanda aka killace za a yi masa tasa daban, ba tare da biyan kuɗi ko maimaita shekara ba, kuma ba za a bayyana sunansa ba. Masu shara da masu gadi ma kada a yanke musu albashin kwanakin jinya.

Idan rufewa ta zama dole, kada a ce kowa ya fice cikin awa 24. Hakan zai cusa dubban ɗalibai a tasha rana ɗaya, su kai cutar garuruwansu. A sallame su rukuni-rukuni cikin kwanaki, masu alamun ciwo da waɗanda suka yi cuɗanya da su kuma su zauna har wa'adinsu ya cika.