Yadda ake tafiya da kare a mota mai ɗaki daga Ngaundere zuwa duwatsun Kapsiki

Ranar da na fara ɗora karena Guguwa a bayan motata, maƙwabcinmu a Garwa, a arewacin Kamaru, ya riƙe baki ya ce, "Alhaji, kare kuma, a motar da kake kwana?" Na ce masa ai shi ne mai gadina in na kwana a daji. A wurin malamanmu na Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai. Saboda haka Guguwa yana da kwanonsa, yana da wurin kwanciyarsa kusa da ƙofar baya, dardumar sallata kuwa tana can sama inda ba ya kaiwa. Wanda zai bi wannan hanya da kare ya sani tun yanzu cewa karen ne zai tsara masa lokacin tashi da na yada zango, domin zafin da mutum zai daure yana iya kashe shi.

Da farko zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, shi ne daidai. A Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, da damina kuma rafukan da ake kira mayo sukan cika cikin sa'a guda, hanyoyin dutse su lalace.

Sai takardu. Na mota sanannu ne, jandarmomi za su nema a kowane shinge, ka kuma tanadi canjin sefa 500 na kuɗin hanya. Na kare ne mutane ke mantawa. Wata guda kafin tafiya ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, a buga hatimi a katinsa. Cutar tana nan a ƙauyukanmu, kuma in alamunta suka bayyana a jikin mutum ko dabba, da wuya a tashi. In wani kare ya ciji ɗayanku a hanya, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a nufi asibiti a ranar. A wannan zuwan ka karɓi maganin kaska da na tsutsar ciki.

Motar ba sai ta Turawa ba. Tawa tsohuwar Hiace ce da na cire wa kujeru, kafinta ya yi mini gado da akwatunan kaya a ƙarƙashi, aka ɗora faifan sola a sama don fitila da ƙaramar fanka. Abu biyu ne ba na sassauci a kansu: raga a tagogi don iska ta ratsa ko an kulle, da keji ko ɗamarar ƙirji da za a ɗaure kare a jikin mota. Karen da ke sake, in ka taka birki da ƙarfi, zai faɗo maka a wuya. Ruwa kuma ka ɗauki fiye da yadda kake zato. Kare mai kilo 20 yana shan fiye da lita ɗaya a rana, cikin zafi ya ninka, ban da wanda za ka jiƙa masa jiki. Ni jarka uku nake cikawa, ɗaya tasa ce.

Daga Ngaundere zuwa Garwa kusan kilomita 280 ne a kan babbar hanya ta 1. Ka tashi da an sallame asuba. Ngaundere tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, da safe har sai ka nemi rigar sanyi, amma kafin ka kai Mbe sai ka sauka gangaren nan mai kwane-kwane da direbobi ke tsoro. Sa mota a giya ta biyu ka bar inji ya riƙe ta. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin rabin gangaren, ga kuma tirelolin Chadi da ke hawa da sauka a hankali, kada ka yi gangancin wuce su a kwana. Kare yakan yi amai a nan, shi ya sa ba na ba shi abinci sai mun sauka. A Mbe nake tsayawa, in sayi doya, in ba shi ruwa, in bar shi ya miƙe ƙafa da igiya a wuya.

Daga nan hanya tana bin gefen gandun dajin Binuwai. Za ka ga gwaggon biri a bakin titi, kuma kare zai so ya fita. Kada ka buɗe. Haƙoransu sun fi nasa, ga ƙudan tsando a kurmin rafuka, mai sa dabba sammore. Wuce kawai har Ngong.

A kwarin Binuwai ne aikin ya fi wuya, domin a nan zafi yake. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Daga sha ɗaya zuwa la'asar ka nemi inuwar dalbejiya ka kashe mota, ka buɗe ƙofofi. Kada ka taɓa kulle shi a ciki ka ce bari ka shiga kasuwar Pitowa, kusa da Garwa, ka dawo, ko da minti goma ne. Kafin ya taka kwalta ka ɗora bayan hannunka a kai, in ba ka iya daurewa ba shi ma tafinsa zai ƙone. Na taɓa ganin Guguwa yana haki ba ƙaƙƙautawa, yawu na dalala, dasashinsa ya yi ja, yana tangaɗi. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na kwantar da shi a inuwa, na riƙa zuba masa ruwan jarka a ciki da hammata da tafin ƙafa, na kunna fanka a kansa, ina ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Bayan ya farfaɗo na kai shi likita, tun daga ranar ban ƙara tuƙi da tsakar rana ba.

Garwa zuwa Marwa kamar kilomita 210 ne, ta Figil. Ka cika tanki a gidan mai na gari, man zuwa-zuwa, wato na bumburutu da ake sayarwa a kwalba, sai in ka rasa yadda za ka yi, shi ma a tace. Kusa da Marwa ƙasa takan buɗe, gonakin masakwa kore shar a tsakiyar rani, dutsen Mindif tsaye shi kaɗai kamar haƙori. A wannan fili karangiya da tsidau ne abokan gābar kare. Kowace yamma ka duba tsakanin yatsunsa da cikin kunnuwansa, ka cire ƙaya da kaska. Da dare kada ka sake shi, kububuwa da kunama suna fita.

Wurin kwana ba a zaɓarsa da ka. Ka shiga ƙauye tun rana ba ta faɗi ba, ka nemi jauro ko lawan, wato mai gari, ka gaishe shi, ka ce kai baƙo ne mai neman inda zai ajiye mota, ka kuma faɗa masa akwai kare tare da kai. Ko 'yar Fillancin gaisuwa ka iya, tana buɗe ƙofa. Ka ɗaure karen nesa da masallaci da rijiya da garken awaki, kada ka shiga da shi gidan kowa. In yara sun taru kallo, gajarta igiyar. Kuma kada ka kwana a cikin yashin mayo, komai laushinsa.

Daga Marwa zuwa Mokolo kamar kilomita 80, daga can zuwa Rumsiki kamar 55 na hanyar da ke cin taya, a je da safaya biyu. Wannan yanki yana bakin iyakar Najeriya, kuma ya sha hare-haren Boko Haram. Kafin ka hau, je wurin jandarmomin Mokolo ka tambayi halin da hanya take ciki a wannan makon. In sun ce a dakata, ka juya. Arewa da Mora, wajen Waza, inda aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a Fabrairun 2013, ban ba kowa shawarar kwana a daji ba.

In hanya ta yi kyau, ka isa Rumsiki kafin la'asar ka ɗauki ɗan jagora daga garin. Gonakin Kapsiki a kan matakalan dutse suke, mutane sun jera su da hannu, don haka karen ya bi turba da igiya, kada ya rusa wa wani gona. Daren can da sanyi, ka shimfiɗa masa buhu biyu. Da asuba ku sauka kwari tun duwatsun Rumsiki masu tsini suna cikin hazo, da gorar ruwa da kwanonsa a jaka, ku dawo mota kafin ƙarfe goma.