Yadda za ka saba da tattaki a Jidda duk da zafin gari

Jidda gari ne da aka gina wa mota. Daga gida ka shiga mota, daga mota ka faɗa shago mai sanyi, daga can ka koma ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke kaɗawa dare da rana. Direban gida yana wuni a bayan sitiyari, mai tsaron shago yana wuni a kan kujera, uwargida kuwa sai ta yi mako ba ta taka ƙofar waje ba in ba asibiti ko ziyara za a je ba. Ga shinkafa da kaza kullum, ga shayi mai zaƙi. Mutumin da a gida yake takawa daga unguwa zuwa kasuwa bai ma san motsa jiki yake yi ba, sai ya zo nan ya shekara biyu ya ga wando ya ƙi ɗauruwa, likita kuma ya fara maganar suga da hawan jini.

Tattaki shi ne magani mafi araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa sau biyar. Lissafin ba wuya. Wuyar tana wajen zafi da lokaci, kuma ga yadda ake bi da su.

Mataki na farko: ka ɗaura tattakin a jikin salla

Duk wanda ya ce “zan riƙa fita in na samu sarari” ba zai fita ba. Abin da ba ya tashi a jadawalin ɗan Jidda shi ne lokutan salla, saboda haka ka zaɓi ɗaya ka liƙa tattakinka a bayanta. Zaɓi biyu ne na gaske: bayan Asuba ko bayan Isha'i.

Ni dai Asuba nake zaɓa wa kowa in har aikinsa zai bari. A lokacin kwalta ta huce, motoci ba su fito ba, ba baƙon da zai ƙwanƙwasa ƙofa, ba kafili, wato ubangidan aiki, da zai kira ya ce a kai yara wani wuri. Ka fita masallaci da takalmin tafiyarka, ana sallamewa ka gama azkar ɗinka ka miƙe hanya. Bayan Isha'i ya fi daɗin hira da ganin jama'a, amma shi ne lokacin da uzuri ya fi yawa, kuma a watannin Agusta da Satumba daren Jidda ba ya sanyi yadda baƙo ke zato. Danshin da ke tasowa daga Bahar Maliya, wanda a nan ake cewa ruɗuba, yana cika iska har gumi ya kasa bushewa a jiki. Gumin da bai bushe ba kuwa ba ya sanyaya mutum. Shi ya sa za ka ga riga ta jiƙe sharkaf cikin minti goma, numfashi ya yi nauyi, alhali rana ta daɗe da faɗuwa.

Tsakar rana kam a manta da ita. A watan Yunin 2010 ma'aunin zafi ya kai 52 a Jidda. Gwamnati da kanta takan hana sa leburori aiki a rana daga sha biyu zuwa ukun yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. In an hana wanda ake biya, kai da za ka fita don nishaɗi ba ka da hujja.

Wanda zai fara sabo, ya fi masa sauƙi ya fara tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da garin ke da daɗi. Kafin zafi ya dawo jiki ya riga ya saba.

Mataki na biyu: ka nemi wuri kusa da gida

Kowa Kornish, wato bakin tekun Jidda, yake fara ambata, kuma da gaskiyarsa. Bakin tekun ya kai kusan kilomita 30, an gyara ɓangaren arewa aka buɗe shi a 2017 da hanyar masu tafiya a ƙafa da wuraren wasan yara da masallatai. Daga can ƙasa kuma kana hango famfon feshin ruwa na Sarki Fahad, wanda tun 1985 yake feso ruwan teku sama da mita 250. Amma in sai ka hau mota ka sha cinkoso, ka yi ta zagayen neman wurin ajiye ta kafin ka taka, ba za ka jure yin haka sau biyar a mako ba. Ka bar Kornish ya zama na Juma'a ko Asabar, ranakun hutu, a tafi da iyali. Ka kuma lura da lokacin tseren motoci na Formula 1, wanda aka fara yi a bakin tekun a 2021, don akan rufe wasu hanyoyi.

Na sauran ranaku, ka nemi mamsha, wato hanyar tattaki da hukumar birni ta shimfiɗa a unguwanni. Akwai ta Tahliya, akwai lambun Yarima Majid, akwai ƙanana da dama da ba su yi suna ba. Yawancinsu da fitilu, wasu har da ƙarafan motsa jiki kyauta. In babu ko ɗaya kusa da kai, zagayen masallacin unguwa ko katangar makaranta ya wadatar, muddin akwai haske kuma ba a kan titin manyan motoci ba ne.

A tsakiyar bazara wasu sukan koma manyan kantuna irin su Red Sea Mall ko Mall of Arabia, su yi ta zagaye cikin sanyi da safe kafin jama'a su cika. Dabara ce mai kyau, musamman ga dattawa da masu juna biyu. Sharaɗinta ɗaya: a gama zagayen kafin a kalli kowane shago.

Mataki na uku: takalmi

Nan ne kawai nake cewa a kashe kuɗi. Silifa da takalmin fata na Juma'a ba na tattaki ba ne, gwiwa da diddige ne za su biya bashin. Sayen takalmin kuma shi kansa fita ce mai daɗi in aka yi ta a Balad, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Ka je bayan La'asar ko bayan Magariba. Dalili biyu ne. Shagunan Balad da yawa suna rufewa da rana sai yamma su sake buɗewa, ranar Juma'a da safe kuwa kusan ba kowa. Na biyu, ƙafa takan ɗan kumbura zuwa yamma, takalmin da ya zauna maka daidai da safe zai iya matse ka da dare. Ka tafi da irin safar da za ka riƙa sawa. Ka shiga ta Bab Makka ka gangara kasuwar Alawi zuwa titin Gabil, ka bi a hankali, ka ɗaga kai ka ga tagogin katakon nan na tsofaffin gidaje. A kan hanyar za ka wuce gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya shiga Jidda a 1925. Kafin ka ankara ka yi tattakin ranar.

In ka ɗauki takalmi, kada sunan da aka liƙa a jiki ya ruɗe ka, don akwai jabu a kasuwa. Ka kama shi da hannu biyu ka lanƙwasa. Mai kyau yana lanƙwasuwa ne ta wajen yatsu, in ya naɗe ta tsakiya kamar tabarma ka ajiye. Ka danna bayan diddigen da babban yatsa, ya kamata ka ji shi da ƙarfi. Sannan ka sa duka biyun, ka ɗaure igiya, ka miƙe tsaye. Tsakanin dogon yatsanka da bakin takalmin a samu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu. Ka taka zuwa ƙofar shago ka dawo. Mai shago zai ce maka zai buɗe in an sa shi kwana biyu. Takalmin roba ba ya buɗewa, wanda ya matse a shago zai matse har ya mutu.

Ciniki kuwa a Balad ana yinsa. Ya faɗi kuɗi, ka ce “akhir kam?”, wato nawa ne kuɗin ƙarshe, ya rage, ka yi kamar za ka wuce. A manyan kantuna ba a tayi, kuɗin da aka rubuta shi ne, kuma harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020 yana ciki. Can ribar ita ce jiran ragi, wanda aka fi yi wajen ranar ƙasa, 23 ga Satumba, da ranar kafuwar daula, 22 ga Fabrairu. Ko ina ka saya, ka karɓi fatura, wato rasit.

Tufafi ba sai an saya ba. Riga marar nauyi mai haske, wando mai rufe gwiwa. Hajiya, abaya marar nauyi wadda ba ta jan ƙasa ta isa, akwai ma waɗanda aka ɗinka musamman don motsa jiki. Za ki ga mata da yawa a mamsha da takalman gudu a ƙarƙashin abaya, ba mai kallon kowa.

Mataki na huɗu: tafiyar kanta

Makon farko minti goma sha biyar ya isa. Kowane mako ka ƙara biyar har ka kai talatin. Sannu ba ta hana zuwa. Minti biyar na farko ka tafi a hankali, sannan ka ɗaga ƙafa. Ma'aunin saurin da ake so shi ne ka iya yi wa na kusa da kai magana, amma ka kasa rera waƙa. In kana tafe kana duba WhatsApp, yawo kake yi.

Ka sha ruwa kafin ka fita, ka riƙe ƙaramar gora daga bakala, wato shagon unguwa. Launin fitsari zai gaya maka gaskiya: in ya yi duhu, ruwan jikinka ya yi ƙasa. Da ka ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ka tsaya ka nemi inuwa ko wuri mai sanyi. In ka ga wani ya rikice yana sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, wannan bugun zafi ne, a kira motar asibiti ta 997 a kuma riƙa jiƙa masa jiki kafin su iso. Mai ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara ganin likitansa, ya kuma sa dabino biyu ko uku a aljihu.

Kada ka bar igama, wato katin izinin zama, a gida don wandon ba shi da aljihu, ko dai katin ko kwafinsa na cikin waya. Sannan wayar nan a yi hattara da ita. Ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba laifi ne a dokar ladabin jama'a ta 2019, ana cin tara a kai. Ka ɗauki teku, ka bar iyalan mutane.

Mataki na biyar: abokin tafiya

Ka samu mutum ɗaya da zai jira ka a ƙofar masallaci. Kunyar barinsa tsaye za ta tashe ka ranar da jiki ya ƙi. Mutum ɗaya na ce, ko biyu. Da an kai shida an zama majalisa, za a yi taku ɗari a samu benci, a ɓarke da labarin canjin riyal da siyasar gida.

Mataki na shida: abin da ke biyo bayan tattaki

A nan aikin mutane da yawa ke rushewa. Rabin awa na tafiya ba ya ƙona kalori na kirki, kwalin kaza ɗaya na gidan abincin Albaik da dankalinsa da lemo ya ninka shi sau da yawa. Haka tsiren da 'yan'uwanmu suka shigo da shi Hijaz har Larabawa suka karɓe, in aka haɗa shi da lemon kwalba da ƙarfe sha ɗayan dare. Ba cewa na yi a daina ba, a dai daina mayar da shi ladan kowane tattaki. Tun 2019 aka wajabta wa gidajen abinci rubuta yawan kalori a gaban kowane abinci, ka riƙa karantawa kafin ka yi oda. Mai fita da Asuba ya fi samun sauƙi: wake ful da rabin gurasar tamis da shayi marar sukari sosai sun riƙe shi har Azahar.

Mataki na bakwai: gidan motsa jiki, in ka ga da buƙata

Kada ka biya kuɗin jim sai ka yi wata biyu kana tattaki ba fashi. Wanda ya kasa fita kyauta, kuɗin da ya biya ba zai fitar da shi ba, sai dai ya ƙara masa takaici. In ka cika wata biyun kana son ɗaga ƙarfe ko ninƙaya, ko zafin Agusta ya kore ka daga titi, to sai ka nema. Akwai manya masu rassa da yawa irin su Fitness Time, akwai ƙanana na unguwa masu sauƙin kuɗi. Na maza daban, na mata daban, tun 2017 aka fara ba wuraren mata lasisi.

Kafin ka sa hannu, ka ziyarci wurin a daidai lokacin da za ka riƙa zuwa, don ka ga ko sai an yi layi a kan injin gudu. Ka fara da rajistar wata uku ko da ta shekara ta fi araha a lissafi. Ka tambaya ko suna dakatar da rajista in mutum ya yi tafiya, da kwana nawa suke bayarwa, domin mai zuwa gida hutu zai iya asarar wata biyu a banza. A rubuta maka amsar a takardar yarjejeniya.

Da azumi tsarin yana canzawa gaba ɗaya, don garin kansa dare yake komawa. Mai ƙarfi zai iya ɗan takawa a hankali minti ashirin kafin shan ruwa, kusa da gida. Ga mafi yawan mutane bayan Tarawihi ya fi, an sha ruwa, abinci ya faɗa. In masallacin da kake Tarawihi yana da ɗan nisa, ka bar motar a gida ka je a ƙafa ka dawo a ƙafa.