Kurakuran da aka fi yi wajen karanta gwajin antibodi na tayirod

Na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaita kansa. Mutum ya karɓo takardar gwajin jini, idonsa ya sauka kan layin anti-TPO, wato antibodin da ke nuna garkuwar jiki na taɓa tayirod, ya ga 400 ko 900 a inda aka rubuta kada a wuce 35, shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Sai a turo mini hoton takardar da tsakar dare, wai tunda na daɗe da ciwon tayirod in faɗi ko abin ya yi nisa. Ni ba likita ba ce. Majinyaciya ce da ta taka kusan duk ƙayar da ke kan wannan hanyar, biyu daga ciki kuwa har yau ina jin zafinsu.

Tayirod 'yar ƙwaya ce a gaban wuya, ita ce idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Tana fitar da sinadaran T4 da T3, masu daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da kuzari. TSH kuwa umarni ne daga wata ƙwaya a ƙasan ƙwaƙwalwa: tayirod ta yi sanyi, TSH ya hau yana tsawata mata, ta zaƙe, ya sauka. Antibodi su ne makaman garkuwar jiki, a nan sun juya kan na gida. A ciwon Hashimoto, wanda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, suna tafe da lalacewar ƙwayar sannu a hankali. A ciwon Graves, mai sunan likitan Dublin Robert Graves da ya rubuta a kansa a 1835, wani antibodi da ake kira TRAb ke zuga ta ta yi aiki fiye da kima.

Babban kuskure shi ne ɗaukar lambar anti-TPO a matsayin ma'aunin tsananin ciwo. Lambar tana faɗin dalili ne, wato garkuwar jiki ce ke taɓa tayirod. Yadda ƙwayar ke aiki a yau, wannan TSH da T4 ne ke faɗa. Akwai mai 1,000 da tayirod ɗinta ke aiki lafiya lau, akwai mai 80 da tata ta kwanta.

Ni tawa ta fara da ɗari shida da 'yan kai. Na sayi ɗan littafi, na ja layi da rula, kusan duk wata sai na je an ɗebi jinina na rubuta. Ta sauka zuwa 540, na wuni ina murna. Ta koma 700, na kwana ina tuhumar abin da na ci. Har mai ɗiban jinin ta san jijiyata ba sai ta laluba ba. Shekara guda na yi a haka, ban san lambar tana hawa da sauka don kanta ba. Daga nan na faɗa ramin da ya fi zurfi. Na sayi wasu ƙwayoyi na ciyawar teku, cike da aidin, an rubuta a jikin kwalbar wai suna tallafa wa tayirod. Na ce ai ƙarancin aidin ke kawo maƙoƙo, to me zai hana? Ashe ga mai Hashimoto irina, aidin da ya yi yawa ƙara wa wuta fetur ne. Cikin wata biyu sarƙar wuyana ta fara matse ni, TSH ya haye. Da na ajiye kwalbar da littafin a gaban likita, ya daɗe yana juya shafukan, sannan ya ce, “Malama, wa ya ce ki riƙa auna wannan? Sau ɗaya ya isa. Ya riga ya faɗa mana sunan ciwon, ba shi da sauran labari.”

To don Allah ku daina. Duk wanda ya zo yana muku alƙawarin zai sauke antibodi zuwa sifili da wani haɗi ko tsarin cin abinci, ku tambaye shi: in lambar ta sauka, ƙwayar da ta lalace za ta dawo ne? Ko sinadarin seleniyam da ake ta yayatawa, yakan ɗan rage lambar a wasu mutane, amma likitoci ba sa canza magani saboda hakan.

Kuskure na biyu ɗan wancan ne, kuma shi ya fi kwantar da ni. Bayan an ɗora ni kan levothyroxine, maganin raunin tayirod, na saci jiki na sake gwajin, hali zanen dutse. Na ga ta faɗo ƙasa da 200. Na ce alhamdu lillahi, na warke, na jefa maganin a durowa ban gaya wa kowa ba. Mako biyu ban ji komai ba, na ƙara gaskata kaina. Abin da ban sani ba, maganin nan yakan ɗauki kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jini, don haka ba ya kama mutum nan take. A wata na biyu ne na fara rufa da bargo alhali kowa na fifita. Fuska ta kumbura, ciki ya ɗaure, gashi ya riƙa cika matsefi, in karanta layi ɗaya sau uku ban riƙe ba. Sai da na yi wata uku bayan komawa kan magani kafin na dawo daidai. Levothyroxine ba ya yaƙar antibodi, cike gurbin abin da ƙwayar ta kasa samarwa yake yi. Saukar lamba ba izinin ajiye shi ba ce. Wanda duk ya yi haka bayan ya karanta wannan, shi ya so.

Sauran kurakuran ba su kai waɗannan ba, amma suna ɓata rai. Kwatanta takardarki da ta wata: wani ɗakin gwaji iyakarsa 9, wani 34, wani 60, domin na'urorin sun bambanta. Ni dai wuri ɗaya nake zuwa, ba na canzawa.

Sai ɗaukar cewa duk wanda aka ga antibodi a jininsa mara lafiya ne. Kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da anti-TPO, mata sun fi yawa, da yawansu kuma har su tsufa ba abin da zai same su. Binciken Whickham na Ingila, wanda ya bi mutane shekara 20 aka fitar da sakamakonsa a 1995, ya nuna matan da ke da antibodi amma TSH ɗinsu daidai, kusan 2 cikin 100 ne ke kamuwa da raunin tayirod a kowace shekara; idan TSH ma ya ɗaga, ya zama kusan 4 cikin 100. Mai antibodi da TSH ɗinsa ke daidai ba magani yake buƙata ba tukuna, a riƙa duba TSH ne, ni na fi son sau ɗaya a shekara. Akasin haka ma na faruwa: kusan ɗaya cikin goma na masu Hashimoto ba a ganin anti-TPO a jininsu, sai hoton wuya ya nuna.

Masu shan bitamin ɗin biyotin don gashi da farce, ku saurara. Yakan rikita na'urar wasu ɗakunan gwaji, TSH ya fito ƙasa, T4 sama, har TRAb ya fito na ƙarya, a zaci Graves ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan biyotin a 2017. Ni kwana uku nake barinsa kafin a ɗebi jini, kuma in faɗa wa likita.

Kada kuma a ce na ce duk antibodi ba a maimaita gwajinsa. TRAb daban yake, domin shi da kansa ke haddasa Graves, kuma likita kan duba shi kafin ya tsayar da carbimazole, maganin da ke rage zaƙewar tayirod, galibi bayan wata 12 zuwa 18. Yana kuma ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan da ke ciki, ko da an yi wa uwar tiyata an cire tayirod tun da daɗewa. Mai juna biyu da ta taɓa yin Graves ta faɗa tun awon farko. Mai anti-TPO ma ta faɗa, don a bi TSH ɗinta lokacin ciki da bayan haihuwa, lokacin da tayirod kan rikice a ɗauka gajiyar jego ce. Mai shan carbimazole kuwa da ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakatar da shi, ya je a ƙirga masa fararen ƙwayoyin jini a ranar, ba gobe ba.

Sannan gaggawa. An canza yawan magani yau, mako mai zuwa an koma gwaji. TSH na buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin ya zauna. Ni ƙwayata tana kan teburin gefen gado da kofin ruwa, ina haɗiye ta da na farka, in jira minti 30 zuwa awa guda kafin in ci komai, maganin ƙarin jini da na ƙashi kuma sai bayan awa huɗu. Ɗan littafin nan yana nan, na yage shafukan farko, yanzu layi uku ne kawai a ciki: kwanan wata, TSH, da yawan maganin da nake sha.