Yadda Ake Buɗe Fayilolin Taimako na Tsofaffin Manhajoji a Windows 10 da 11

Tsohuwar manhaja takan yi tsawon rai fiye da yadda masu ita suka zata. Ka ɗora ta a sabuwar kwamfuta, ta tashi lafiya lau, tana ta aikinta, sai ranar da wani abu ya shige maka duhu ka danna F1. Maimakon littafin bayani, sai burauza ta kai ka wani shafin Microsoft da ke cewa an daina buɗe irin wannan fayil. Ko kuma taga ta buɗe, ga jerin babi-babi a hagu, dama kuwa fari fat. Ciwo biyu ne daban-daban, kuma kowanne da maganinsa.

Fara da gane irin fayil ɗin

Shiga foldar da manhajar take. Idan ba ka ganin wutsiyar sunayen fayiloli, danna View a File Explorer ka kunna File name extensions, wanda a Windows 11 yana ƙarƙashin Show. Abin da kake nema shi ne fayil mai ƙarewa da .hlp ko .chm.

Na .hlp shi ne dattijon. Sunan tsarinsa WinHelp, ya zo tare da Windows 3.0 a 1990. Na .chm ya biyo baya a 1997, kuma shafukan HTML ne aka matse a fayil guda. Wani lokaci wutsiya takan yi ƙarya, domin akwai manhajojin da suka laƙaba .hlp a kan rubutu zalla. Buɗe fayil ɗin da Notepad: idan ka ga rubutu mai karantuwa, aiki ya ƙare. Idan tarkace ne da ya fara da ?_ to WinHelp ne na gaske. Na .chm kuwa da ITSF yake farawa.

Idan .chm ne, kulle shi aka yi

Har yau Windows na ɗauke da hh.exe, manhajar da ke karanta .chm, saboda haka ba abin da za ka girka. Abin da ke faruwa shi ne, duk fayil ɗin da aka sauke daga intanet Windows kan yi masa tambarin baƙo, sai ta hana shafukansa bayyana. Danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, zaɓi Properties, duba ƙasan shafin General, sa alama a Unblock, danna OK. Idan fayilolin na da yawa, buɗe PowerShell, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a cikin foldar ka rubuta:

Get-ChildItem *.chm | Unblock-File

Bai buɗe ba? Duba inda yake zaune. Tun wani gyaran tsaro na 2005, Windows ba ta nuna abin da ke cikin .chm da ke kan foldar da ake rabawa ta netwok. Kwafo shi zuwa kan kwamfutarka. Sannan ka duba sunan foldar: alamar # a ko'ina cikin adireshin fayil ɗin tana rikita shi, abin da ya sha wahalar da masu ajiye littattafai a folda mai suna C#. Canza sunan kawai.

Idan .hlp ne, mai karatun aka ɗauke

Nan ne aikin yake. Tun daga Windows Vista Microsoft ta daina sa winhlp32.exe na gaske, wato manhajar da ke karanta .hlp, a cikin Windows. Dalilin ba ƙeta ba ne: fayil ɗin .hlp na iya ɗauke da umarnin da zai tayar da wata manhaja a kwamfutarka, wato ƙofa ce ga mugu. Masu Vista, 7, 8 da 8.1 an ba su damar girka shi da kansu ta sabuntawa mai lamba KB917607. Daga Windows 10 aka rufe wannan ƙofar. Idan ka leƙa C:\Windows za ka ga fayil mai wannan suna, amma fanko ne, bai kai KB 20 ba, aikinsa kawai ya tura ka wancan shafin. Na gaske ya haura KB 250.

Hanya mafi sauƙi ita ce aro daga tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, idan kana da ita.

1. A kan XP ɗin, kwafi winhlp32.exe daga C:\Windows, da ftsrch.dll daga C:\Windows\System32. Na biyun shi ke sa binciken kalma ya yi aiki.
2. A sabuwar kwamfutar, buɗe folda taka ta kanka, misali C:\TsohonTaimako, ka zuba su ciki.
3. Kwafo fayil ɗin .hlp zuwa foldar. Idan akwai mai suna iri ɗaya da wutsiyar .cnt, haɗo da shi, domin shi ne jadawalin babi-babi.
4. Ja fayil ɗin .hlp da linzami ka sake shi a kan winhlp32.exe. Littafin zai buɗe kamar yadda ka san shi.

Don kada ka riƙa ja kullum, danna maɓallin dama a fuskar kwamfuta, zaɓi New, sai Shortcut, ka rubuta:

C:\TsohonTaimako\winhlp32.exe C:\TsohonTaimako\littafi.hlp

Idan jadawalin ya fito a hargitse, nemi ɓoyayyen fayil mai wutsiyar .gid ka goge shi. Mai karatun ne ke ƙirƙirar sa, kuma zai sake yin sabo.

Sai dai fa F1 a cikin manhajar zai ci gaba da kai ka shafin Microsoft, domin manhajar taka Windows take roƙa ta buɗe littafin, ita kuma Windows fankon nan take kira. Za ka ga masu ba da shawarar ka ƙwace ikon fayil ɗin da ke C:\Windows da umarnin takeown da icacls, ka maye gurbinsa da na XP. Yana aiki, ba na musu. Amma ni ba na so. Fayil ne da Windows ke gadi, babbar sabuntawa ko umarnin sfc /scannow na iya mayar da fankon, ka koma gidan jiya. Ga shi kuma ka buɗe wa kowane .hlp da ya shigo kwamfutar hanya, ba naka kaɗai ba. A kwamfutar wurin aiki kuwa, kada ma ka fara sai da izinin masu kula da ita.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne sauke winhlp32.exe daga shafukan da ba ka sani ba. Garin neman gira kada a rasa ido. Haka kuma .hlp ɗin da ba ka san asalinsa ba, ka ɗauke shi tamkar manhajar da baƙo ya miƙo maka.

Wanda dole sai F1 ya yi masa aiki, gara ya girka VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata Windows a cikin tasa, ya ɗora XP mai lasisi a ciki, ya sa manhajar da littafinta can. A yanke mata intanet, domin tun Afrilun 2014 aka daina yi wa XP gyaran tsaro. Mai Linux kuwa nasa da sauƙi: Wine, wadda ke tafiyar da manhajojin Windows a kan Linux, na da nata mai karatun, sai ya rubuta wine winhlp32 littafi.hlp, kuma xCHM na buɗe .chm.

Fitar da rubutun gaba ɗaya

Idan littafin na da muhimmanci a wurinka, wannan ce hanyar da na fi yarda da ita, domin sau ɗaya ake yi. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna HelpDeco da ke warware .hlp. Ajiye ta a folda ɗaya da fayil ɗin, buɗe Command Prompt a nan, ka rubuta:

helpdeco littafi.hlp /r

Za ta ba ka fayil ɗin RTF mai kama da yadda shafukan suke fitowa. Buɗe shi da Word ko LibreOffice Writer, ka adana shi a matsayin PDF. Idan ka cire /r, za ta warware shi zuwa kayan da aka gina shi da su, wato rubutu, hotuna da fayil mai wutsiyar .hpj, abin da mai son sake gina shi a matsayin .chm yake bukata. Don amfanin kanka ne fa; rubutun na masu manhajar ne, ba na rabawa ba.

Na .chm ma ana warware shi. 7-Zip na buɗe shi kamar kowane matsattsen fayil, ko ka rubuta:

hh.exe -decompile C:\fita C:\littafi.chm

Ka zaɓi sunayen folda da fayil marasa tazara a tsakiya, domin umarnin ba ya jituwa da su. Shafukan HTML ɗin da suka fito, kowace burauza za ta karanta.

Kafin ka ajiye PDF ɗin, gwada shi da na asali. Ƙananan bayanan nan da ke ɓullowa idan an danna kalma mai layin ɗigo-ɗigo a ƙasa sukan koma wani wuri daban a cikin rubutun, hotunan da ake danna sassansu kuma sukan zama hoto kawai. Buɗe babi uku ko huɗu da ka fi amfani da su ka tabbatar sun fito cikakku, sannan ka ajiye .hlp da .cnt na asali a folda ɗaya da PDF ɗin.